Prado ta 2005 mai kilomita 187,000: in saya ko in haƙura?

Malam_Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen masana mota. An yi mini tayin Prado 120 ta 2005, ta gazuwal, bwat otomatik, agogonta na nuna kilomita 187,000. Dillalin ya ce daga Beljik ta zo, injinta 1KZ ne, kuma shekararta uku a hannun wani nan Damagaram. Aikin da za ta yi shi ne cikin gari, Mirya da Magarya kusan kowane mako, wani sa'in Tanut, sai ƙauyukan bayan Gure inda babu kwalta. Fenti na sheƙi, kilim na sanyi. Me zan duba kafin in ba da kuɗi? Ko kuwa akwai wadda ta fi ta a ajinta?

Bakanike_Zango: Wa alaikumus salam Malam. Tun ba a buɗe kapo ba, maganar dillalin ta ci karo da kanta. 120 ta gazuwal da aka sayar a Turai D-4D ce, wato 1KD-FTV, kuma can ko sunan Prado ba sa manna mata, Land Cruiser kawai ake rubutawa. 1KZ a jikin 120 na wasu kasuwanni ne, irin su Afirka da Ostiraliya. To ɗayan uku: ko ba daga Beljik ta zo ba, ko an sake mata inji, ko dillalin ya faɗi abin da ya san kunnen mai saye yake so. Ka nemi ƙaramin allon bayanan da ke jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofa, ka karanta samfurin. KZJ120 1KZ ke nan. KDJ120 D-4D. LJ120 5L-E, marar turbo. TRJ120 esans 2.7. GRJ120 esans V6 4.0. Sai an san wannan za a san inda za a haska tocila, don kowane inji da ciwonsa.

Dan_Transit: Kafin inji ma, takardu. Lambar shasi harafi da adadi 17 ce. Ka gan ta da idonka a ƙarfen shasin, ɓangaren dama ta gaba kusa da taya, ka goge da tsumma da ɗan gazuwal, sannan ka gwama da ta kart giris da ta takardar duwan, ɗaya bayan ɗaya. In wurin ya sha gurza, ko an yi walda kewaye da shi, ko haruffan ba su tsaya a layi ɗaya ba, kada ma ka ɓata lokacin makaniki. Sunan da ke kart giris kuma ya zama na wanda zai sa hannu a takardar sayarwa, ba na "wani yayansa da ke Yamai" ba.

Malam_Birni: Na gode. Na sa an ɗauko mini hoton allon yanzu. KDJ120 ne. Murfin injin ma an rubuta D-4D.

Bakanike_Zango: Madalla, ashe Beljik ɗin ce gaskiya, 1KZ ɗin ne ƙari. To saurara Malam. Dukkansu biyu 2982 cc ne, amma halinsu ya bambanta. D-4D tana da ƙarfi fiye da 1KZ, sama da doki 160 inda waccan take wajen 130, kuma ta fi ta tsimin mai. Lagonta a enjekter yake.

Ƙarƙashin kowace enjekter akwai ɗan zobe da ke toshe tsakaninta da kulas, wato kan inji. In ya gaji, hayaƙin konewa na hawowa ta gefen enjekter ya shiga inda baƙin mai yake, ya dafa shi ya zama gawayi. Gawayin nan ya sauka cikin karter, kwanon da baƙin mai ke taruwa a gindin inji, ya toshe rariyar da fomf ke tsotso mai ta cikinta. Mai ya daina isa ga birbiki, ƙarfen da fistan ke juyawa, da turbo, inji ya kama. Mota na tafiya lafiya lau har ranar da za ta tsaya, shi ya sa ake tsoron abin.

Yadda ake ganewa kafin saye: ka biya kuɗin bidanj da kanka, lita 7 da ɗoriya take ci. In man ya gama tsiyaya, a leƙa ta ramin da aka kwance noti da siririyar tocila ko ƴar kyamarar nan mai igiya. Rariyar na kusa da ramin. In ana ganin ragarta tas, alhamdu lillahi. In ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, zobban sun daɗe suna yoyo. Mai motar da ya ƙi yarda a yi masa bidanj kyauta, ya ba ka amsa ke nan.

Sai baliz, na'urar da ke karanta kwamfutar mota. A jona, a karanta adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace enjekter. Ƙa'ida tsakanin -3 da +3 ne. A karanta injin na sanyi, a sake karantawa ya yi zafi. In ɗaya ta kusa iyaka, ka sa kuɗin huɗu a lissafi, ba ɗaya ba, kuma sababbin sai an shigar da lambobinsu cikin kwamfutar motar.

Gazuwal_Kawai: Ƙari kan na Bakanike: da sassafe za ka je, ba da la'asar ba. Ka ɗora hannu kan injin ka tabbatar sanyi ƙalau yake kafin a tayar. Inji mai zafi na ɓoye rabin aibinsa. Ka tsaya bayan motar wani ya murza makulli. Farin hayaƙi ko shuɗi da ya wuce ƴan daƙiƙu alama ce, haka ƙarar ƙwas-ƙwas mai kaifi da ke raguwa in ya ɗumama. Fitilar mai kuma ta mutu nan take, kada ta yi jinkiri.

Sarkin_Rairayi: Ni dai ba na ba kowa shawarar D-4D in zai wuce Gure. Can babu baliz, babu mai gyaran enjekter irin wannan. 5L-E ba ta da gudu, ko doki 100 ba ta kai ba, a hawa kamar jakin da aka yi wa lodi, amma makanikin kowane gari ya san ta don danginta ne ke cikin Hilux da Hiace. Motar daji ita ce wadda za a iya gyarawa a gindin bishiya.

Gazuwal_Kawai: Sarkin_Rairayi, 5L-E ɗin ma fomf ɗinta na da lantarki, E ɗin ke nan. Ba tsohuwar 3L mai fomf marar lantarki ba ce. Kuma ka loda mata mutum bakwai da kaya ka kunna kilim ka ga yadda za ta yi a yashi mai laushi.

Sarkin_Rairayi: Na sani. Amma matsin man da ke cikinta bai kai na D-4D ko kusa ba, shi ya sa take yafe ɗan datti. Yashi kuwa iskar taya ce ke fidda mutum, ba doki ba. Ka sauke zuwa 1.2 ko 1.5 bar, ka shiga ƙaramar giya, ka daina murɗa sitiyari da ƙarfi. In ka hau kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe.

Injiniya_Karakara: Ana ta maganar enjekter an manta abin da ya fi kashe inji a garin nan, zafi. Watan Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, ga kilim a kunne, ga ƙura ta cika haƙarƙarin radiyata. Ga abin dubawa.

Injin na sanyi, a buɗe murfin radiyata. Ruwan ya zama ja ko ruwan hoda, mai tsabta. In ruwan rijiya ne mai launin tsatsa, to cikin radiyatar da hanyoyin ruwa na injin sun riga sun yi kanta. A tayar da injin murfin na buɗe, a zuba ido minti biyar. Kumfa da ke fitowa a jere ba tsayawa, hayaƙi ne ke shiga ruwa, ko dai juwan kulas, shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, ya ƙone ko kulas ɗin ya tsage. A rufe, a matsa tiyon sama: in ya yi tauri kamar taya cikin minti biyu injin bai ko ɗumama ba, magana ɗaya ce.

Kan radiyatar roba ne. Asalinsa baƙi, in ya koma ruwan ƙasa ya gama, jira kawai yake ya fashe a hanyar Tanut. Fanka kuma tana da man silikon a cibiyarta, shi ke sa ta kama in zafi ya ƙaru. A kashe inji bayan ya yi zafi a tura fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka, man ya ƙare. A tambaya ko termosta na nan. Da yawa ana cire ta wai don mota ta daina zafi, alhali ɓoye ciwon aka yi.

Kada a dogara da allurar zafi ta tablo. Tana zama tsakiya ko da zafin na hawa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. A bar baliz a jone a hau hanya, a karanta digirin kai tsaye.

Bakanike_Zango: Haka ne. Sai dai tsagewar kulas an fi sanin 1KZ da ita. D-4D nata fistan ne ke tsagewa, kuma an fi ganinsa a na 2006 zuwa 2009. Ta Malam 2005 ce, da ɗan sauƙi, amma enjekter mai zubar da mai ba daidai ba na iya ƙona fistan ko na wace shekara ne.

Mai_Taya_Dole: Kilomita 187,000 ɗin nan fa? A raba shi da shekarun motar, bai kai 10,000 a shekara ba. Motar gazuwal a Turai ba don ajiya ake sayenta ba. Agogo ana mayar da shi baya cikin minti kaɗan. A dubi robar fedal ɗin birki, fatar sitiyari, gefen kujerar direba ta wajen ƙofa. A nemi takardar da ake mannawa kan murfin kuruwa, wato bel ɗin inji, ko ginshiƙin ƙofa mai nuna kilomitan bidanj, sau da yawa mai juya agogo na mantawa da ita.

Tayoyi kuma 265/65 R17 ne galibi. Huɗun su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, don motar nan ƙafa huɗu take ja kullum, bambancin girma na wahalar da difransiyal na tsakiya. Lamba huɗu na ƙarshe bayan DOT mako ne da shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara shida a ranar garin nan, ko zanenta na nan, gefenta ya bushe.

Hajiya_Sabongari: Ni tambayata, me ya sa ba a kawo zancen Highlander ba? Ta fi araha, ta fi laushin tafiya, kuma esans ce. Ga iyali ai ta isa.

Injiniya_Karakara: Hajiya, in Damagaram zuwa Maraɗi ne ko Kano ta Matamaye, gaskiyarki. Amma Highlander ta 2001 zuwa 2007 a kan ginin Camry aka yi ta, ba ta da shasi daban, ba ta da ƙaramar giya, cikinta kuma kusa da ƙasa. Bayan Gure za ta kafe, bwat ɗin ya yi zafi. Mai son ta ya lura: ta 2.4 notocin kulas na kwance zaren da ke jikin bulok, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta bayan injin. V6 3.0 kuma na tara dattin mai in ana jinkirin bidanj, a leƙa ta murfin mai.

Dan_Tanut: Pajero fa? Ta 3.2 ba ta da kuruwa, sarƙa ce.

Gazuwal_Kawai: Inji ne mai ƙarfi, 4M41. Amma ta 2000 zuwa 2006 fomf ɗin gazuwal ɗinta in ya mutu kuɗinsa na da yawa, masu gyaransa kaɗan ne. Sarƙar ma tana da ƴar robar jagora a sama da ke cinyewa, in ta karye ɓarna ce babba. Sannan kayan gyara: na Toyota in babu a nan, a aika Ƙofar Ruwa a Kano a samu. Na Mitsubishi sai an yi jira. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 mai otomatik kuma an san ta da fashewar radiyata ta ciki, ruwa ya gauraya da man bwat.

Esans_Ya_Fi: Duk wannan wahala ta gazuwal ce. A nemi TRJ120, 2.7, sarƙa ce ba kuruwa ba, babu turbo, babu enjekter mai tsada. Tana shan lita 13 zuwa 15 a kilomita 100 inda D-4D ke shan 10 zuwa 11, amma kuɗin enjekter huɗu zai sayi esans na wata nawa? Mai son ƙarfi ya ɗauki V6 4.0, sai dai ya duba juwan kulas a na farko-farko.

Sarkin_Rairayi: 2.7 da otomatik da lodi a yashi, shanta ya wuce abin da ka faɗa nesa ba kusa ba. A lissafa nisa tsakanin gidajen mai tukuna. Tankin lita 87 ne, sai wasu samfura masu tanki biyu da ke kai 180, amma na Turai galibi ɗaya ne.

Dan_Tanut: Ga matatar mai ta SORAZ a hanyarmu tun 2011, gazuwal ai ba daga nesa yake zuwa ba.

Bakanike_Zango: Ba daga matata matsalar take ba ƙanena, daga jarka da tano take. Man da ya kwana a tano rabin cika, ga zafin rana ga sanyin dare, yana tara ruwa a gindi, ga ƙura ta mazurari. Mai D-4D ya yi nesa da ruwa-ruwa, wato man jarka na bakin hanya. In dole ta sa, a tace, kuma a ƙara filtir na biyu mai raba ruwa kafin na asali. Na asalin yana da ɗan famfo a ƙasa: in fitilar ruwa ta kama a tablo a tsaya, a kwance, a danna fomf ɗin hannu da ke samansa har ruwan ya fita. Kada a ce bari a kai gida.

Mai_Walda_Garinmalam: A dawo kan motar Malam. Tunda ta Turai ce, a shiga rami da guduma ƙarama. Can gishiri suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, shi ke cin shasi daga ciki. A bubbuga ƙarfen daga tsakiya zuwa baya, musamman inda hannuwan fon na baya, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, suka kama, da ƙarfen da ya gitta a ƙarshe, da kewayen tanki. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa bif, ɓawo na zubowa. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin zargi ne. A bi bututun birki da ido har baya. Bushewar ƙasarmu na tsayar da tsatsa, ba ta mayar da ƙarfen da ya tafi.

Jiki kuma, a naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi ƙofofi da fikafikai. Inda ya ƙi kamawa masti ne, cikon da ake shafawa a rufe lotsawa. A dubi notocin kapo da na fikafikai, in fentinsu ya kwarzane an taɓa kwancewa. Tsagewar tablo kada ta tsorata ka, halin 120 ne a ƙasa mai rana.

Injiniya_Karakara: Tunda ana ramin, a ɗaga gaba a girgiza taya sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Rotil na ƙasa da silanbulok na hannuwa su ne gargada ke fara ci. Robar kardan in ta yage yashi ya shiga, ƙas-ƙas za a ji a kwana. Birkin gaba fistan huɗu ne kowane gefe, suna maƙalewa, sai mota ta riƙa ja gefe ɗaya. A duba baya ko sifirin ne ko balan-balan na iska. Masu cikakken kaya na da na iska, in suka tsufa mota na kwana ta zauna a gindi. Da yawa ana mayar da su sifirin, ba laifi in an yi aikin da kyau.

Gwajin kat-kat a kan ƙasa ake yi, ba kwalta ba. A tsaya, a sa N, a ja liba zuwa L, a kulle na tsakiya, fitilarsa ta tsaya cak ba ƙiftawa ba. Motar da ta shekara uku tana yawon gari ba a taɓa kulle ta ba, abin na iya ƙin shiga.

Bwat: in mai giya huɗu ce akwai sandar awo, man ya zama ja, ba ƙauri, man T-IV take sha. In mai biyar ce babu sanda, ta ƙasa ake aunawa, man WS take sha, kada a gauraya. Daga P zuwa D da R ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ba tare da duka ba.

Hajiya_Sabongari: To in duk ta wuce, nawa mutum zai ware bayan saye?

Bakanike_Zango: Kuɗin ya danganta da kayan da aka samu, na asali ko na kwaikwayo, amma aikin sananne ne. Kuruwar inji da abin ɗaure ta, ƙa'idarta kilomita 150,000, kuma tunda ba a yarda da agogo ba a canza kawai, in ta tsinke bawul da fistan ke haɗuwa. Zobban enjekter huɗu. Filtir na mai, na gazuwal, na iska. Ruwan radiyata na gaske da murfi sabo. Man fon gaba da baya da na tiransfer, man birki, giris a kardan. Filtir na iska lokacin hunturu a riƙa dubawa kowane mako biyu, kuma in za a hura, daga ciki zuwa waje.

Malam_Birni: Allah ya saka da alheri. An kai ta garaji yau da safe. Lambar shasi ta dace da takardu. Ta tashi bugu ɗaya, ɗan farin hayaƙi na daƙiƙa uku ko huɗu. Babu kumfa a radiyata, amma ruwan rijiya ne ciki kuma kan ya yi ruwan ƙasa. Baliz ya nuna uku ƙasa da 1.5, ta huɗu 2.8 da sanyi. Rariyar mai ana ganin ragarta, da ɗan baƙi a gefe ɗaya. Shasi lafiya, sai ƙarfen ƙarshe na baya da ke zubar da ɓawo. An ga takardar bidanj a ginshiƙin ƙofa da harshen Faransanci, 241,000 aka rubuta.

Mai_Taya_Dole: Ka ji ko. 241,000 tun tana can, a ƙara na shekara uku a nan. Ta doshi 300,000.

Gazuwal_Kawai: 300,000 ba abin tsoro ba ne ga injin nan in rariya a buɗe take. A cire kuɗin enjekter huɗu da radiyata da kuruwa daga farashin, a nuna wa mai ita takardar da ya manta bai ɓamɓare ba. In ya sauko, a saya.

Sarkin_Rairayi: Ni a bar ta. Wanda ya zuba ruwan rijiya shekara uku, wane mai yake zubawa a tanki?

Mai_Walda_Garinmalam: Malam, ɓawon nan na baya, da aka buga guduma ta huda ko ba ta huda ba? A sauke tayar sukur in a ƙasa take, a haska cikin ƙarfen ta ramukan gefe, a turo hoton tukuna.